Ɗumin Ɗakin Mai Jego

Tun ranar da aka kawo ni gidan Malam nake cikin taya. Mai faci ne a Sabon Gari, shekara talatin da ɗoriya yana durƙushe a bakin titi yana tsoma tif cikin ruwa yana neman inda zai yi kumfa. Gugan rijiyarmu na tif ne. Takalmin shiga bayi na taya ne. Kajina a rabin taya suke shan ruwa, kwanon rufinmu ma tayoyi ne suka danne shi don kada iska ta yaye. Da ana tuwo da taya, na rantse da ita za mu riƙa kwana a ciki.

Malam yakan ce, "Zubaidatu, taya ba ta mutuwa, sai dai ta canza aiki." Da alfahari yake faɗa, ni kuma in yi dariya. Ban taɓa jin tsoron maganar ba sai daga baya.

Akwai shekarar da tayoyi suka fi ƙarfinsa. Shi da maƙwabcin rumfarsa Chuks, mai sayar da tayoyin gwanjo, sun tara matattun tayoyi a bayan rumfunansu har tsibin ya fi tsayin gini. Damina ta zo, ruwa ya kwanta cikin kowace, sauro ya addabi layin. Masu duba-gari suka ba su mako biyu su kwashe. To dama Malam yana da fili a bayan Samaru, ta hanyar Basawa, wanda ya samu da araha saboda rabinsa kududdufi ne, inda aka ɗebi ƙasar bulo. Sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Tifa ta yi sawu goma sha ɗaya tana juye tayoyi a ramin, aka bi da jar ƙasa aka daddaɓe. Ina wurin. Ni na kai wa leburori abinci, na ga ramin kafin a rufe shi, baƙi ƙirin, baki a buɗe ko'ina. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce ban sani ba.

Bayan shekara biyar muka gina ɗaki uku a wurin muka tare. Biyu suna kan tsandauri. Na ƙarshen, da rabin tsakar gida, suna kan ramin.

Ashe taya ko an binne ta ba ta kwanciya. Duk damina sai ka ga ƙasa ta yi tudu a tsakar gida, kwana biyu sai baƙin bayanta ya leƙo. Malam ya ɗauko diga ya zaƙulo ta, ya wanke, ya yanka, ya yi wa awaki abin cin dusa. "Kin gani ko?" in ji shi. "Ta gaji da hutu, aiki take nema." Haka muka zauna shekara tara, mu a sama, su a ƙasa suna tahowa a hankali.

'Yar farina ba na kiran sunanta, haka na taso na ga ana yi. "Ke" nake ce mata, ko "yarinya". Maƙwabciyata Lovelyn ce kawai ba ruwanta da wannan kunya, ta kan katanga take ƙwala mini kira, "Mama Ilham!" duk unguwa na ji. Yarinyar ta yi aure a Jama'a, mijinta malamin firamare ne. Da ta haihu a asibitin Shika, namiji, a tsakiyar marka, aka kawo mini ita wankan gida.

A nan ne zan faɗi abin da nake tsoro, don shi ne ya kai ni ya baro. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta rasu kwana goma sha tara bayan haihuwarta ta fari. Jikinta ya kumbura, numfashi ya gagare ta. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, an yi sakaci da wanka. Ni na riƙe ƙafafunta har suka yi sanyi a hannuna. Tun ranar na ɗauki alkawari, in Allah ya nuna mini jegon 'yata, sanyi ko ta kafar allura ba zai same ta ba. Kwana arba'in, in mayar da ita ɗakin mijinta da ƙafarta. Abin da na sa a gaba ke nan.

Mijin ya zo ya durƙusa yana wani noƙe-noƙe. "Inna, a asibiti sun ce kada ruwan ya cika zafi, kuma a rage kanwa."

"Asibiti ce ta haife ta?" na ce. Ya sunkuyar da kai.

Washegari da safe na ɗauki fartanya zan haƙa murhu. Tukunyar wankan jego ba ƙaramin abu ba ce, rabin duro ce, sai an yi mata rami an kafa duwatsu. Wuri ɗaya ne ruwan sama ba ya kaiwa, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano da ke jikin ɗakin ƙarshe. Sara na huɗu fartanya ta yi tsalle ta kusa dawo mini a goshi. Na share ƙasa da hannu, sai ga ta, baƙa, da zanenta kamar jiya aka binne.

Malam ya riga ya fita. Mai jego na jiran ruwa. Na tsaya na dubi tayar, ita ma kamar tana dubana. Sai na ɗebi ƙasa cikin tafi biyu na watsa mata, na taka da diddige, na kafa duwatsuna a kai na hura wuta. A raina na ce, ƙasa ai ba ta ci da wuta.

Safe da yamma ruwa na tafasa, ganyen darbejiya na ciki, ina fyaɗa wa mai jego tana cije baki. Kunun kanwa da zafinsa. Itacen damina kuwa jiƙaƙƙe ne, hura shi sai ka yi hawaye, don haka ban taɓa bari murhun ya mutu ba. In na gama sai in tura gungume cikin garwashi in rufe da toka, ya yi ta ci a hankali har wankan gaba. Jaririn yana wurina, a bayana da rana, a ɗakina da dare, sai lokacin nono nake miƙa mata, ita ma tana ta kunyar ɗan fari. Ina jin daɗi a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Ina ganin kaina gwanar mata.

A kwana na goma sha biyu Lovelyn ta leƙo ta katanga tana shaƙar iska kamar mage. Ita haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar ta bazazzagiya. Shekara ashirin ta yi tana babbakar ganda da wutar taya a bayan mahauta, har ƙirjinta ya lalace ta bari. Yanzu ko magana ta yi mai tsawo sai ta tsaya ta huta.

"Mama Ilham, wa ke ƙona taya a gidan nan?"

"Taya kuma? Itace ne, ga shi kina gani."

"Abeg, kar ki gaya mini. Wannan warin ko a kabari na ji shi zan gane. Shi ya cinye mini huhu."

Raina ya ɓaci. Na ɗauka gori take mana, gidan mai faci. Na ce mata wataƙila daga hancinta yake fitowa, tunda ya daɗe a ciki. Ta dube ni, ta sauka daga kan turmin da ta taka. Maganar nan har yau in na tuna ta sai in ji kamar in nutse.

Daga nan abubuwa suka fara, ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma na samo masa dalili. Aka tafka ruwa kwana biyu, unguwa duk ta zama taɓo, amma gefen murhuna ya bushe kafin la'asar, har wani siririn tururi na tashi daga ƙasa. Na ce zafin murhu ne. Tururuwa suka fito layi-layi ɗauke da ƙwayayensu suka haura katanga. Na ce sauka lafiya. Ɓerayen da suka hana ni ajiye gari suka ɓace ɗif, na yi hamdala. Gwaibar tsakar gida ta fara zubar da ganye a tsakiyar damina. Ruwan rijiya ya fito da wani maiƙo-maiƙo a samansa, mai launi kamar wuyan tattabara.

Ruwan ne ya sa Malam ya tsaya. Ya ɗaga gugan ya sansana, ya je gefen murhu ya durƙusa ya ɗora tafinsa a ƙasa. Ya matsa taku uku ya sake ɗorawa. Ya matsa biyar.

"Da kika haƙa nan, me kika tarar?"

Na gaya masa.

Ya daɗe a durƙushe. Shi ya san taya fiye da kowa, ya san in ta kama ba ta jin ruwa, ba ta jin lallashi. Amma ya san kuma gidan nan shi ne duk abin da shekara talatin na durƙuso suka bar masa, kuma in magana ta fita, maƙwabta za su tambayi me ke ƙarƙashin unguwarsu.

"Ki kashe murhun nan, ki koma can bakin zaure," ya ce. "Kuma kada ki gaya wa kowa. Damina ce, ƙasa za ta sha ruwa ta huce."

"Bakin zaure ruwa na dukansa. Saura kwana goma sha shida, Malam. In an yi arba'in na kashe."

Bai yi musu ba. Shi yana so ya yarda za ta huce, ni ina so in cika arba'in, sai muka taru muka rufe bakinmu. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

A kwana na ashirin da takwas na shiga ɗakin ƙarshe neman wani tsohon buhu. Ɗakin ajiya ne, kayan aikin Malam ne a ciki da tarkace. Ba takalmi a ƙafata. Ina taka simintin na tsaya cak. Ɗumi. Ba zafi mai ƙuna ba, ɗumi mai daɗi, mai ratsa tafin ƙafa ya hau har gwiwa, irin na bayan tukunyar tuwo da aka sauke. A waje ana yayyafi, iska na kaɗawa, ɗakin da mai jego take kuwa bangonsa har ya yi gumi don danshi.

Kakata na tuna. A gidansu can cikin birni akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, ana zuba garwashi mai jego ta kwanta a kai ta gasu. Takan ce matan da suka kwanta a gadon nan ba su san ciwon baya ba har tsufa. Na tsaya a ɗakin nan, ni da na ga ramin da idona, ni da na ji abin da Malam ya ce, wallahi abin da ya zo mini shi ne, Allah ya kawo mini gadon kakata har gida. Wanda tsoro ɗaya ya cika wa ciki, ba ya da wurin sa na biyu.

Kafin azahar na fitar da tarkacen, na share, na shimfiɗa tabarma da 'yar katifa a ƙasa don ɗumin ya same ta sosai. Na cusa tsummoki a kafofin taga. Na rataya bargo a ƙofa. Akwai ɗan wari, sai na turara ɗakin da turaren wuta har ya danne shi. Malam ya dawo ya ga abin da na yi, ya buɗe baki, na riga shi: "Kwana goma sha biyu ne kawai." Ya rufe.

Na mayar da mai jego ciki. Ta ji daɗin ɗakin, har ta ce, "Inna, yau na yi barci kamar ba ni ba." Kwana biyu ta fara cewa kanta na sarawa. Na ce sanyi ne ke fita, na ƙara mata kunu. Ta ce in ta miƙe jiri na ɗibarta, zuciyarta na tashi. Na ce to wa ya aike ki miƙewa, kwanta. Barcinta ya ƙaru, har sai na girgiza ta take karɓar yaron. Ni kuwa ina ta yaba ɗakin a raina.

Ranar kwana talatin da uku, bayan azahar, Lovelyn ta yi sallama. Tun ranar da na yaɓa mata magana ba ta shigo ba, amma ga ta da kwanon farfesu ta kawo wa mai jego. Ina bakin rijiya da yaron a bayana. Na nuna mata ɗakin ƙarshe da baki, ina ɗan jin kunyarta.

Ta yi taku kaɗan ta tsaya. Akwai wata kazata mai 'ya'ya bakwai da ta mayar da gindin bangon ɗakin wurin kwanciyarta saboda ɗumi. Tana nan kwance, fukafukai a baje, 'yan tsakin a zube kewaye da ita, ko ɗaya ba ya motsi. A saman su, inda bango ya haɗu da ƙasa, wata tsaga ce da ban taɓa gani ba, hayaƙi siriri yana fitowa daga cikinta yana bin bango.

Kwanon ya faɗi. "Jesus! Mama Ilham, mutum na cikin ɗakin nan?"

Ba ta jira amsa ba, ta fizge bargon ƙofa. Na bi ta. Iskar ɗakin ta daki fuskata, nauyi gare ta, turaren ya gama ƙarewa ya bar ainihin abin da ke ƙasa. Yarinyar tana kwance a gefenta, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci, fuskarta ta yi kyau, leɓɓanta sun yi ja kamar ta shafa jan baki.

"Ke," na ce. "Ke yarinya, tashi."

Na girgiza kafaɗarta, kanta ya gangara.

"Ke! Tashi mana!"

Lovelyn ta kama ƙafafu tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Ni na kama hammata. Ban san lokacin da ya fito daga bakina ba, sunan da shekara ashirin da uku ban furta ba. "Ilham! Ilham!" Ina ja ina kira, yaron na tsala kuka a bayana. Ba ta amsa ba. Karo na farko da na kira ta da sunanta a duniya, kuma ba ta ji ba.

Mun fito da ita ke nan, muna tsakiyar gida, na ji ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin diddigena kamar na taka katifa. Duwatsun murhu suka nutse. Rabin duron ya karkata, ruwan wankan yamma ya kife cikin ramin da ya buɗe, sai wani baƙin hayaƙi ya yi sama da huci, ya fi tsayin gwaiba. Na waiga sau ɗaya. Can ƙasa ja ne wur, zobe a kan zobe, iya ganina. Ba jiya wutar ta kama ba. Tun ina fyaɗa ganye ina yabon kaina take ci.

Wani mai Keke a layinmu ya kai mu Shika. Lovelyn ta riƙe kan yarinyar a waje don iska ta buge ta, tana addu'arta da yarensu, ni ina tawa. A asibiti suka sa mata abin numfashi a fuska suka shige da ita. Wata likita, yarinya ce ma sa'ar 'yata, ta fito tana tambayata. Kwana nawa a ɗakin? Taga a buɗe ko a rufe? Wa ya toshe?

"Ni," na ce.

"Mama, kun san akwai wuta a ƙarƙashi?"

"Na san akwai taya."

Ta dube ni, ta rubuta abin da za ta rubuta. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Kwana biyu ba ta farka ba. Mijinta yana zaune a ƙarshen benci, yana gaishe ni safe da yamma da ladabinsa, bai ce ai na faɗa ba. Lovelyn ta karɓi yaron, ta nemo madara. Ita ke kawo mini labarin gida. Masu kashe gobara sun juye mota biyu ta ruwa, ramin ya shanye ya ci gaba da hayaƙi. Sun ce sai an kawo katafila an tone, ko a jira wutar ta cinye abincinta, wata uku ko shekara, ba wanda ya sani. Ɗakin ƙarshe ya rufta. Rijiyoyi huɗu a layin sun koma baƙin mai, gida uku sun kwashe yara sun bar unguwar. Malam kuwa yana tsallaken hanya a zaune kan wata taya tun ranar, yana kallo, ba ya amsa gaisuwa.

Da hantsin kwana na uku, ina zaune gefen gadonta ina jan carbi, na ji yatsunta sun taɓa zanena. Idonta a buɗe. Ta dubi silin, ta dubi ledar ruwan da ke rataye, ta dube ni. Ba ta tuna ɗakin ba, ba ta tuna an canza mata wuri ba. Ta tambayi yaron, na ce yana lafiya. Likita ta ce sai an ga yadda kwanaki za su yi, irin wannan hayaƙin yakan bar saura a kai. Na karɓa a haka, na gode wa Allah har goshina ya yi zafi.

Gadonta na jikin taga. An fara yayyafi, iskar marka na shigowa tana ɗaga labule, irin iskar da na yi kwana talatin da uku ina yaƙi da ita. Ta takure, ta ja mayafi.

"Inna, sanyi nake ji. Rufe mini tagar nan."

Na miƙe, jikina ya riga tunanina. Na kama ƙarfen tagar. Ƙanwata ta faɗo mini, da ƙafafunta a hannuna. Na tsaya riƙe da ƙarfen, ruwa na fesa mini a hannu, na kasa ja.

"Inna?"

Na saki. Na dawo na zauna, na ɗauki ƙafafunta na sa a cinyata na rufe da tafukana.

"Yi haƙuri, Ilham," na ce. "Bar sanyin ya shigo."

Ta ɗago kai ta zuba mini ido, don ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Tagar na nan a buɗe, iska na kaɗa mu mu biyu.